Usman Hamdi Bey, Mai Zanen da Ya Gina wa Istanbul Gidan Tarihi

Duk baƙon da ya je birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya da niyyar kallon zane-zane ko kayan tarihi, da wuya ya kammala ziyararsa bai ci karo da sunan Usman Hamdi Bey ba. Shi ne ya gina babban gidan adana kayan tarihi na birnin, shi ne ya kafa makarantar koyon zane irin ta zamani ta farko a Daular Usmaniyya, kana kuma wasu daga cikin zane-zanen da suka fi suna a Turkiyya a yau aikin hannunsa ne. To amma abin da masana tarihi suka fi jinjina masa a kai shi ne wata doka da ya tsara a shekara ta 1884, wadda ta haramta fitar da kayan tarihi daga daular zuwa ƙetare, a daidai lokacin da Turawa ke ta loda su a jiragen ruwa suna wucewa da su ƙasashensu.

Asali da ƙuruciya

An haifi Usman Hamdi ne ran 30 ga watan Disamba na shekara ta 1842 a birnin Istanbul. Kalmar Bey da ake haɗawa da sunansa laƙabi ne na girmamawa a tsakanin Turkawa. Mahaifinsa Ibrahim Edhem Pasha mutum ne mai tarihi na ban al'ajabi. Kamar yadda aka ruwaito, asalinsa Bagirke ne daga tsibirin Kiyos, kuma yana ɗan ƙaramin yaro aka kama shi a shekara ta 1822, lokacin da sojojin daular suka yi wa mutanen tsibirin kisan kiyashi a yaƙin neman 'yancin Girka. Wani babban hafsa mai suna Husrev Pasha ya ɗauke shi ya rene shi a kan addinin Musulunci, daga bisani ya tura shi birnin Paris na ƙasar Faransa inda ya karanci aikin haƙar ma'adinai. Edhem ya yi ta hawa matakan mulki har ya zama babban wazirin daular a shekara ta 1877.

A irin wannan gida na mulki da ilmi Usman Hamdi ya tashi. A shekara ta 1860 mahaifinsa ya tura shi Paris domin ya karanci shari'a, da fatan ya dawo ya gaje shi a aikin gwamnati. Sai dai zuciyar saurayin ta karkata ga zane. Sannu a hankali ya yi watsi da darussan shari'a, ya riƙa zuwa ɗakin aikin wani shahararren mai zane Gustave Boulanger, kana salon wani gwanin na zamanin, Jean-Léon Gérôme, ya yi tasiri ƙwarai a kan aikinsa. Waɗannan mutane biyu sun yi suna ne wajen zana ƙasashen Musulmi kamar yadda Turawa ke son ganinsu, wato kasuwannin bayi da gidajen wanka da mutane zaune babu aikin yi. Daga gare su Hamdi ya koyi ƙwarewar fito da komai dalla-dalla, tun daga zaren kilishi har zuwa rubutun da ke jikin bango.

A shekara ta 1867 aka gudanar da babban baje kolin duniya a Paris, wanda Sultan Abdul'aziz ya halarta da kansa, abin da ya sa ya zama sarkin Daular Usmaniyya na farko da ya kai ziyarar zumunci yammacin Turai. A wannan baje koli Hamdi ya nuna zanensa guda uku, waɗanda a yau babu wanda ya san inda suke.

Daga Bagadaza zuwa Viyana

Bayan shekaru tara a Faransa, Hamdi ya koma gida a shekara ta 1869, nan take kuma aka tura shi Bagadaza tare da sabon gwamnan lardin, Midhat Pasha, ɗaya daga cikin jagororin masu neman yi wa daular gyaran fuska. Ya yi shekaru biyu yana kula da hulɗar lardin da baƙi 'yan ƙasashen waje. A can ne ya ga yadda daular take a wuraren da ke nesa da fada.

A shekara ta 1873 aka naɗa shi kwamishinan daular a baje kolin duniya na birnin Viyana a ƙasar Ostiriya. Domin wannan biki ne ya haɗa gwiwa da wani Bafaranshe mai suna Victor Marie de Launay suka wallafa wani kundi mai shafuka 74 na hotuna, waɗanda Pascal Sébah ya ɗauka, da ke nuna tufafin al'ummomin daular, Turkawa da Larabawa da Kurdawa da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa da sauransu. Bayan dawowarsa ya riƙe muƙamai da dama, ciki har da shugabancin ƙananan hukumomin Kadikoy da Beyoglu a cikin Istanbul.

A waɗannan shekarun ne al'adar baje kolin zane ta fara tsiro a birnin. Wani hafsan soja mai zane, Sheker Ahmed Pasha, shi ne ya shirya nuni na farko a shekara ta 1873, kana ya sake shirya wani a 1875 wanda Hamdi ya shiga. A wancan lokaci masu zuwa kallo akasarinsu jakadu ne da attajiran Turawa mazauna birnin da kuma 'yan tsirarun manyan ma'aikatan gwamnati. Fasahar da jama'a suka sani kuma suke girmamawa ita ce ta zayyanar rubutu da ado na masallatai da littattafai, domin malamai da dama na da ja a kan zana surar ɗan Adam.

Yadda ake kwasar kayan tarihi

Domin a fahimci aikin da Hamdi ya yi, wajibi ne a san halin da ya tarar. Ƙasashen da daular ke mulka, daga Anatoliya zuwa Sham da Iraƙi, cike suke da kufan tsofaffin birane na Girkawa da Rumawa da Babiloniyawa da Assuriyawa. A ƙarni na 19 manyan gidajen tarihi na Landan da Paris da Berlin sun shiga gasar mallakar abin da ke binne a waɗannan wurare. A shekara ta 1873 wani Bajamushe mai suna Heinrich Schliemann ya tono tarin kayan zinariya a kufan birnin Troya, ya fitar da su a ɓoye zuwa Girka. Gwamnatin Usmaniyya ta kai shi ƙara, amma daga ƙarshe diyyar kuɗi ta karɓa, zinariyar kuwa ta wuce Berlin, daga nan sojojin Tarayyar Sobiyet suka kwashe ta zuwa Mosko a shekara ta 1945.

Dokar da daular ta kafa a shekara ta 1874 ba ta magance matsalar ba, domin ta tanadi a raba abin da aka tono kashi uku, kashi ɗaya na mai tono, ɗaya na mai fili, ɗaya na gwamnati. Mai tono yakan sayi filin ya haɗa kashi biyu, sannan ya yi cinikin na ukun da gwamnatin da bashi ya yi wa katutu. Ta haka ne daga shekara ta 1878 injiniya Carl Humann ya kwashe sassan wani katafaren wurin bauta na dutsen marmara daga Bergama zuwa Berlin.

Daular dai tana da nata gidan tarihin. An fara tara kayan ne a shekara ta 1846 a cikin tsohuwar majami'ar Aya Irini da ke harabar fadar Topkapi, daga baya aka mayar da su wani ƙaramin gini mai adon tangaram da Sultan Muhammadu na Biyu ya gina a 1472. Sai dai gidan ya fi kama da ɗakin ajiya, kuma Turawa ne ke shugabantarsa. Da shugabansa Bajamushe Philipp Anton Dethier ya mutu a shekara ta 1881, sai Sultan Abdulhamid na Biyu ya miƙa wa Usman Hamdi ragamar gidan. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, kuma ya ci gaba da riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

Dokar 1884

Shekaru uku da kama aiki, Hamdi ya shawo kan gwamnati ta amince da sabuwar doka. Dokar ta ayyana cewar duk wani kayan tarihi da ke cikin ƙasa ko a kanta mallakar gwamnati ne. Babu wanda zai yi tono sai da takardar izini, kuma sai da wakilin gidan tarihi a wurin. Mai tono yana iya ɗaukar hoto, ya zana, ya yi kwafi, ya wallafa bincikensa, amma ainihin kayan ba za su bar ƙasar ba.

Masanan Turai sun yi ta gunaguni, suna masu cewar Turkawa ba su da wurin ajiye irin waɗannan kaya, ba su da masanan da za su kula da su, kana kayan ma ba na kakanninsu ba ne. Hamdi ya fahimci cewar doka kaɗai ba za ta rufe bakin masu wannan magana ba. Sai daular ta nuna cewar tana iya tono da kanta, ta adana, ta yi nazari, ta kuma nuna wa duniya. Tun a shekara ta 1883 ya hau dutsen Nemrut da ke kudu maso gabashin Anatoliya tare da wani Ba'armene mai sassaƙa, Yervant Osgan, inda suka binciki kabarin wani tsohon sarki da manyan mutum-mutumin da ke kewaye da shi, suka kuma wallafa rahoto a kai.

Taskar Saida

Babbar dama ta samu ne a shekara ta 1887, lokacin da masu aiki a wani fili kusa da birnin Saida, wanda a yau ke cikin ƙasar Labanon, suka ci karo da wani rami mai zurfi da ke kaiwa ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Da labari ya isa Istanbul, Hamdi ya shiga jirgin ruwa ya nufi wurin. Abin da ya tarar maƙabartar sarakunan Finikiyawa ce, mai ɗauke da akwatunan gawa na dutse fiye da 15, wasunsu an sassaƙa su da gwaninta irin wadda ba kasafai ake gani ba. Saboda nauyinsu sai da aka haƙa wata hanya mai gangare ta ƙarƙashin ƙasa kafin a jawo su waje, sannan aka kai su bakin teku aka ɗora a jirgi zuwa Istanbul.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne wanda ake kira Akwatin Iskandar. An ba shi wannan suna ne saboda hoton Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, da aka sassaƙa a jikinsa yana yaƙi da Farisawa, amma akasarin masana na ganin an yi shi ne domin Abdalonimus, wanda Iskandar ya naɗa sarkin Saida a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Har yanzu ana iya ganin ɓurɓushin fentin da aka shafa masa tun wancan zamani. Akwai kuma wani akwatin da aka sassaƙa mata 18 a kewayensa suna makoki, da na sarki Tabnit wanda aka yi da baƙin dutse a ƙasar Masar. A shekara ta 1892 Hamdi da masanin nan Bafaranshe Théodore Reinach suka wallafa cikakken bayanin binciken a Paris.

Da yake akwatunan sun fi ƙarfin tsohon ginin, Hamdi ya samu hujjar da yake nema ta neman kuɗin sabon gida. Alexandre Vallaury, wani mai tsara gine-gine haifaffen Istanbul, shi ne ya zana ginin, aka kuma buɗe shi ran 13 ga watan Yuni na shekara ta 1891. An ƙara masa sassa biyu a farkon ƙarni na 20. Daga nan Turawan da suka saba ganin kayan Gabas a biranensu suka koma yin tattaki zuwa Istanbul domin gani da ido.

Makarantar zane

A gefen wannan gida ne Hamdi ya kafa makarantar koyon fasahohi, wadda ta fara karatu ran 2 ga watan Maris na shekara ta 1883 da ɗalibai 20. Ana koyar da zane da sassaƙa da tsara gine-gine, kuma akasarin malaman farko Turawa ne ko Kiristocin daular. Kafin lokacin, duk Baturken da ke son koyon zane irin na Turai sai ya shiga makarantar soja, inda ake koyar da shi domin zana taswira, ko kuwa ya tafi ƙetare. Maza kaɗai ake ɗauka, sai a shekara ta 1914, bayan rasuwarsa, aka buɗe ta mata. Wannan makaranta ce ta zama Jami'ar Fasahohi ta Mimar Sinan ta yau.

Abin da yake zanawa

Duk da ɗawainiyar ofis, Hamdi bai ajiye burushi ba, musamman a lokacin bazara da yakan koma gidansa na ƙauyen Eskihisar a bakin teku. Salonsa na malamansa ne, amma mutanen da ke cikin zanensa dabam suke. Za ka ga malamai na muhawara a ƙofar masallaci da littattafai a hannu, ko matashi kwance yana nazari, ko mace sanye da tufafi na mutunci tana karatu. Sau da yawa yakan sa a ɗauke shi hoto cikin tufafin gargajiya, sannan ya zana kansa, kuma kayan da ke gidan tarihin, irin su fitilu da kilisai da ƙofofi, sukan bayyana a cikin aikin. Wasu masana na ganin ya yi amfani da makamin Turawa ne ya mayar musu da martani, wasu kuwa, irin su masanin tarihi Edhem Eldem, na nuni da cewar akasarin zanen nasa a Turai ya nuna su, kuma masu kallo Turawa ya yi wa.

Akwai zanen da ya fi kowane jawo ka-ce-na-ce, wanda ya yi a shekara ta 1901, inda ya nuna wata mace zaune a kan abin ɗora Alƙur'ani ta juya wa mihrabi baya, ga littattafan addini warwatse a ƙasa. A Turai aka nuna shi. Har yau Musulmi da dama na kallonsa a matsayin rashin ladabi ga addini, yayin da masana fasaha suka kasa cimma matsaya a kan abin da yake nufi da shi.

Wanda ya fi shahara kuwa shi ne Mai Horar da Kunkuru, na shekara ta 1906. Wani dattijo ne sanye da jar riga a wani ɗaki na benen Koren Masallaci da ke birnin Bursa, riƙe da sarewa a bayansa, ya sunkuya yana duban kunkuru biyar da ke cin ganye a ƙasa. Jama'a da dama na fassara shi da cewar Hamdi ne kansa, wanda ya gaji da jan ƙafar ma'aikatan gwamnati da na al'ummar da yake son ya sauya. Shi kuwa Eldem ya gano cewar mai yiwuwa tunanin ya samo asali ne daga wani hoto da Hamdi ya gani a wata mujallar Faransa tun yana Bagadaza.

Inda dokar ta gaza

Nasarar Hamdi ba cikakkiya ba ce. Sultan yana sama da doka, kuma yana buƙatar abokantakar Jamus. A shekara ta 1903 Abdulhamid ya bai wa sarkin Jamus Wilhelm na Biyu kyautar fuskar fadar Mushatta, wani ginin zamanin Banu Umayya da ke ƙasar Jodan ta yau, aka yanke ta dutse bayan dutse aka kai Berlin. Haka ma ƙofar kasuwar tsohon birnin Miletus ta bi sahu 'yan shekaru bayan nan. Shi kansa Hamdi bai tsira daga zargi ba. Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, wadda ke tono a kufan Nippur na Iraƙi kuma take buƙatar izininsa, ta ba shi digirin girmamawa, ta kuma sayi ɗaya daga cikin zanensa, abin da wasu masana ke kallo a matsayin neman shiga. Bugu da ƙari, dokar da ta hana kai kaya Turai ita ce ta tattara dukiyar Saida da Iraƙi da Falasɗinu a Istanbul, inda suka ci gaba da zama bayan da waɗannan yankuna suka fita daga hannun Turkawa.

Duk da haka dokar ta sauya al'amura. An ƙara mata ƙarfi a shekara ta 1906, kuma Jamhuriyar Turkiyya ta ci gaba da aiki da ita har zuwa 1973. Sai a shekara ta 1970, wato shekaru 86 bayan dokar Hamdi, hukumar UNESCO ta samar da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Usman Hamdi Bey ya rasu ran 24 ga watan Fabrairu na shekara ta 1910 a gidansa da ke bakin mashigin Bosforus, yana da shekaru 67. An yi masa salla a masallacin Aya Sofiya, aka kuma binne shi a Eskihisar bisa wasiyyarsa. Ƙanensa Halil Edhem ne ya gaje shi a shugabancin gidan tarihin har zuwa shekara ta 1931.

A yau gidan da ya gina na ɗauke da kayan tarihi fiye da miliyan ɗaya. Birnin da a zamaninsa ake shirya nunin zane jefi-jefi ya zama cibiyar fasaha, yana da babban baje kolin da ake yi duk bayan shekaru biyu tun daga 1987, da gidajen nuni irin su Sakip Sabanci da Istanbul Modern da Pera. A shekara ta 2004 wata gidauniya ta iyalin Kirac ta sayi Mai Horar da Kunkuru a gwanjo a kan kuɗi kimanin dala miliyan uku da rabi, farashin da babu wani zanen Turkiyya da ya taɓa kaiwa a lokacin, kuma yana rataye a gidan nuni na Pera da aka buɗe a 2005. A shekara ta 2019 kuma aka sayar da zanensa na 1880, na wata budurwa da ke zaune tana karatu gaban abin ɗora littafi, a kan fam sama da miliyan 6 a Landan. Gidan adana kayan fasahar Musulunci na birnin Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya ne ya saye shi.